Yadda ake gano ƙwarin gona da na'urar rada tun suna sama

Da yawa daga cikin ƙwarin da ke ƙaura da magariba suke tashi, su hau can sama iska ta kwashe su, kafin asuba sun sauka a gonar da jiya lafiyarta lau. Ido baya kaiwa wajen, shi yasa ake sa rada, wato na'urar da ke harba siginar rediyo ta gano abu daga nesa. Ba yau aka fara ba ma, tun 1968 wani masani mai suna Glen Schaefer ya bi garken fara da ita a Nijar.

Da farko a nemi fili wanda ba bishiya ba dogon gini, a kafa radar tana kallon sama tsaye, irin wadda cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ta fara aiki da ita a 1999. Tana kama ƙwari daga wajen mita 150 har zuwa 1,200. Sai a haɗa ta da kwamfuta a barta tana aiki dare da rana, duk ƙwaro mai ɗan girma da ya gifta zata rubuta tsayin da yake, saurinsa, inda ya dosa, har da kiyasin nauyinsa.

Toh ga inda mutane ke kuskure, kuma abin na damuna sosai. Rada bata faɗin sunan ƙwaro. Zata ce maka wani abu mai nauyi kaza ya wuce, amma mai ɓarna ne ko mai amfani ne, wannan sai ka kama shi da hannunka. Dan haka dole a kafa tarkon fitila a ƙasa, in da hali a ɗaura raga jikin balan-balan a tura sama, da safe a duba abin da aka kama a gwada da abin da radar ta nuna. Wanda ya tsallake wannan sai ya sa manoma su yi feshi a banza, kuɗi ya tafi, ƙwarin da ke cin masu ɓarnar ma su mutu.

Daren da akai ruwa a ware bayanansa, ɗigon ruwa na rikita na'urar.

Daga nan sai a ɗauko bayanan iska na wannan daren a lissafa inda garken zai sauka, a tura wa malaman gona na yankin saƙo da wuri, su shiga gonaki su ɗaga ganye suna neman ƙwai da ƙananan tsutsa, dan tun tana ƙarama magani yafi kama ta.