Yadda Nake Haɗa Kyandir Mai Ƙamshi a Gida

Sana'ata turaren wuta ce, a nan Tudun Wadan Zariya. Kyandir kuwa wata amarya ce ta jawo ni cikinsa. Ta ce, "Anti, ina son ƙamshi a ɗaki, amma maigidan ba ya shiri da hayaƙin kasko." Na ce to, bari mu gwada. Na farkon da na yi, turaren feshi na tsiyaya cikin kakin. Ya yi ta tartsatsi kamar an zuba ruwa a mai, ƙamshin kuma ko alama babu. Turaren mai kaɗai ke haɗuwa da kaki, 'yar uwa. Mai ruwa ko mai sifirit, bar shi a kan madubi.

Kaki iri biyu nake aiki da su. Akwai farin nan na kyandir ɗin kanti, shi ya fi araha, ya kuma fi fitar da ƙamshi. In ban samu na awo ba, kyandirori nake saye a kasuwar Sabon Gari, in kakkarya, in zare lagwaninsu. Akwai kuma kakin zuma, da nake samu wajen masu kawo zuma daga ƙauye. Yana daɗewa yana ci, sai dai tauri gare shi, dole a sirka shi da ɗan man kwakwa, in ba haka ba ya tsage. Ga mai farawa, farin ya fi.

Mazubi kuwa, kofin gilashi mai kauri ko gwangwani mai tsabta. Ban da roba, ban da gilashi mai shafal-shafal. Cika shi da ruwa ki auna: in ya ci giram 200 na ruwa, kaki wajen giram 170 zai cika shi. Sai ki shanya shi ya bushe ƙarau.

Kada ki kuskura ki ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Zuba ruwa a tukunya, ki saka tsohon gwangwanin madara babba a ciki, kakin yana cikin gwangwanin, wuta ƙasa-ƙasa. Kuma ki tsaya a kai. In tsautsayi ya sa ya kama, kashe wutar ki rufe da murfi, kada ki watsa ruwa.

Kafin ya gama narkewa, ki kafa lagwani. Ɗiga ɗan kaki a tsakiyar gindin kofin, ki danna ɗan ƙarfen da ke gindin lagwanin a kai. Daga sama, tsinken tsire biyu nake gittawa a bakin kofi in matse shi a tsakani, ya tsaya cak. Lagwani shi ne inda ake faɗuwa. Siriri ya yi ta haƙa rami a tsakiya ya bar kaki a gefe, mai kauri ya yi harshe da baƙin hayaƙi ya ɓata kofi. Wanda kika zare daga kyandir ɗin kanti sai ƙaramin kofi. In bakin kofin ya yi faɗi, sa biyu.

Da kakin ya narke tas, sauke shi. In kina da ma'aunin zafi, a wajen digiri 80 ake zuba turare. Kaki giram 500, turare giram 30 zuwa 40 ya isa. Na san halinmu, hannu ba ya jin ya sa turare sai kwalba ta ƙare. To, kaki yana da iyakar abin da yake sha, ragowar sai ya tsattsafo a sama kamar gumi, ya toshe lagwani. Ni dai sandal da oud na fi so, su ne ke zama daram. Juya a hankali na minti biyu, ki bari ya ɗan huce, sannan ki tsiyaya sannu-sannu. Rage kaɗan a gwangwanin.

Ragowar nan tana da amfani, musamman da hunturu. Sanyin Zariya na watan Disamba da Janairu ya taɓa lalata min kofi shida a dare ɗaya, da na jera su kusa da taga. Da safe kowanne ya lotsa a tsakiya, kakin ya janye daga jikin gilashi. Yanzu sai na ɗumama kofunan tukuna, in ajiye su a tsakiyar ɗaki, in kifa kwali a kai saboda ƙura. In duk da haka ya lotsa, sai in narka ragowar in cike ramin. Da bazara kuma matsalar ajiya ce, a nesanta shi da rana.

Bar shi kwana uku kafin ki kunna, ƙamshin ya ratsa. Datse lagwanin ya rage kamar rabin santimita. Kunnawar farko, ki bari saman ya narke har bakin kofi kafin ki kashe, amma kada ya wuce awa huɗu. Kuma duk wadda na sayar wa sai na ja mata kunne: a kan faranti ake ɗora shi, nesa da labule da gidan sauro da hannun yara, a kashe kafin a kwanta.