Darasi Na Bakwai: Shirin Damina Tun Da Rani

Yan uwa dalibai, iyaye maza da mata, darasin yau akan tanadin da ake yi ne tun ruwa bai sauka ba. Duk mun ji abinda ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da dam din Alau ya balle cikin dare, mutane da yawa daga su sai kayan jikinsu suka fito, haka a 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a yankin Hadejia. Mu na kauye kafin taimako ya iso mana an kwana biyu, musamman in hanya ta yanke.

Ku fara da takardu. Katin NIN, katin zabe, takardar gona, katin rigakafin yara, a hada su a leda biyu a daure a rataye sama kusa da kofa, tare da tocila da ashana da dan kudi. Lambar neman agaji a Najeriya 112 ce, ku haddace ta.

Hatsi kuma kar a ajiye buhu a kasa, a dora akan katako ko duwatsu. Wake in ya bushe sosai a zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iskar a daure kowanne daban, kwari zasu mutu da kansu ba sai an barbada magani a abinda yara zasu ci ba.

Amma inda nafi so ku bani hankalinku shine ruwan sha. In ambaliya tazo, ruwan masai yana gangarawa rijiya, ido baya gani, daga nan sai amai da gudawa. Don haka a tafasa ruwa, a rufe randa, moda daya ce ta diba, yara kar su tsoma hannu. In yaro ya fara zawo kuma babu ORS na kemis, wato hadin gishiri da sukari, ga yadda ake hadawa: tafasasshen ruwa da ya huce lita daya, wato kamar ledar ruwan fiya wata guda biyu, sukari karamin cokalin shayi 6 a shafe ba a tula ba, gishiri rabin cokalin. A dandana, kar gishirin ya wuce na hawaye. Ana bashi kadan kadan da cokali, ko yayi amai a dan jira minti goma a ci gaba, wanda ya kwana ya wuni a zubar a hada sabo.

Wallahi abin yana damuna in naji uwa tace ai hakori ne, ko ta hana yaro ruwa wai don zawon ya tsaya, alhali rashin ruwan ne yake kashewa. A ci gaba da bashi nono. In idonsa ya fada, ko ya daina fitsari, ko kashin ya koma kamar ruwan shinkafa, a nemi mashin a kai shi asibiti a daren, ana tafiya ana bashi ruwan.

Aikin gida: kowa ya rubuta lamba 112 da ma'aunin sukari da gishiri a takarda da hannunsa, ya zo da cokalin shayin gidansa ranar darasi mai zuwa, zamu hada a aji kowa ya dandana.