Darasi na Bakwai: Yadda Ake Haɗa Zomaye Biyu Su Zauna Lafiya

Zomo ba ya son zaman kaɗaici, amma yana da kishin wurinsa. Za ka ga yana goga haɓarsa a bakin keji da kwanon abinci. Warinsa yake bari a nan, warin da hancinmu ba ya ji. Duk inda ya yi wa wannan alama, ya zama nasa. Don haka wanda ya kawo sabon zomo ya jefa shi kai tsaye cikin kejin tsohon, faɗa ya haɗa.

Ka fara da zuwa wurin likitan dabbobi. Zomo yakan balaga tsakanin wata 3 zuwa 6, kuma daga nan rigima ke tashi, ko da uwa ɗaya ta haife su. Maza biyu da ba a fiɗiye ba sukan yi wa juna mummunan rauni. Haɗin da ya fi sauƙi shi ne namijin da aka fiɗiye da macen da aka cire wa mahaifa. Bayan aikin ka jira mako 4 zuwa 6, domin namiji yana iya yi wa macen da ba a cire wa mahaifa ba ciki a cikin waɗannan makonni, kuma zafin kansa bai gama sauka ba.

Sai ka ajiye kejinsu kusa da juna, da 'yar rata a tsakani, yadda za su ga juna amma baki ba zai kai ba. Kullum ka riƙa musanya musu shimfiɗa, kowa ya saba da warin ɗan'uwansa.

Haɗuwar farko a yi ta a wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsu. Ka zuba ciyawa wuri biyu, ka zauna kusa. Minti 10 zuwa 15 ya isa a ranar farko. Ɗaya zai iya hawa ɗaya, ko ya ɗan kore shi, har ya tsige masa gashi kaɗan. Kada ka firgita, girma suke rabawa. Ko mace tana hawan namiji saboda wannan. Amma idan ya hau ta wajen kai, ka janye shi a hankali, don na ƙasa zai iya cizon gabansa.

Ga abin da za ka sa wa ido sosai: kunne ya kwanta baya, wutsiya ta tashi, zomo yana gurnani, sai su fara zagaye juna da sauri. Nan take ka raba su, kafin su cukuiku. Kada ka sa hannu tsirara, zomon da ya fusata ba ya tantance mai shi. Ka tura faffaɗan kwali tsakaninsu, ko ka lulluɓa wa ɗaya tawul. Sannan ka buɗa gashinsu ka duba fata, domin ƙaramin cizo yakan ɓuya ya zama ƙurji mai mugunya. Zomon da ya ƙi cin abinci awa 12, a kai shi wurin likita a ranar.

Wasu kwana kaɗan suke yi su saba, wasu sai an yi watanni. Ni dai shawarata, kada ka bar su su kwana tare sai ka ga ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan yana lasar goshinsa, suna cin ciyawa wuri guda. Idan sun saba, kada ka ƙara raba su. Ko asibiti za ka kai ɗaya, ka tafi da su biyun.