Yadda Matashi Zai Gina Sana'a Mai Amfani a Fannin Kimiyya da Fasaha

Ka fara da gyara tushenka tun daga sakandare, domin sai da isassun kiredit, ciki har da Lissafi, za ka samu gurbin karatun injiniya ko kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a Bauchi.

Bayan ka shiga, kada ka tsaya ga haddar darasi kawai. Zaɓi matsala guda wadda kake gani da idonka, kamar ɗan kasuwar Wunti da ke rubuta bashi a tsohon littafin da shafukansa suka yayyage, ko farantin sola da ƙurar hunturu ta lulluɓe har batir ya daina cika, sannan ka zauna da masu matsalar ka ji bakinsu kafin ka ƙera komai. A ganina, wannan ne matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ke koya wa hannu aiki.

Idan lokacin SIWES ya zo, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da ma'aikatu, ka nemi wurin da za a bar ka ka taɓa na'ura, kuma ka adana hoto da bayanin duk abin da ka gyara, domin shi ne abin da mai ɗaukar aiki zai nema.