Kurakuran masu neman fosdok a binciken rage iskar metan daga shanun kiwo

Yawancin takardun neman gurbin binciken bayan digiri na uku, wato fosdok, da ƙannenmu ke kawowa a duba musu a nan Legas, wuri guda suke tuntuɓe. An rubuta su kamar saniyar tana ɗaure a turke ana zuba mata abinci a komi, alhali gurbin da ake nema na shanun da ke fita kiwo ne. Farfesan da zai karanta takardar a Ailan ko Niyu Zilan, inda shanu ke wuni a fili suna cin ciyawa, tun a shafin farko yake ganewa, sai ya ture ta gefe.

Guraben kuwa akwai su. Metan, iskar da shanu ke fitarwa mai ɗumama duniya, ba ta wuce kimanin shekara 12 a sama, amma cikin shekara 20 zafin da take riƙewa ya ninka na iskar kabon sau 80 ko kusa da haka. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na duniya, COP26, na Gilasgo a 2021 ƙasashe sama da 100, har da Najeriya, suka shiga alƙawarin rage ta a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, bisa ma'aunin 2020. Tun daga lokacin ake ta neman mutanen da suka san tumbin saniya kuma suka iya awo.

Bari mu fara kawar da ƙaramin kuskure. Har yanzu ana samun dakta guda ya rubuta cewa ta baya saniya ke fitar da metan. Fiye da kashi 90 cikin 100 ta baki da hanci take fita, yawanci ta gyatsa. A cikin tumbi ake haɗa ta, inda wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ma ba bakteriya ba ne, ke haɗa haidirojin da iskar kabon. Saniya na asarar kashi 2 zuwa 12 na ƙarfin abincinta ta wannan hanya. Kashin shanu na da nasa rabon, amma wanda ya faɗi a fili ya bushe a rana bai taka kara ya karya ba.

Babban kuskuren shi ne gina tsarin bincike kacokan a kan abin da ake barbaɗawa a abinci. Kowa ya karanta labarin sinadarin 3-NOP, wanda kamfanin DSM ya fitar da sunan Bovaer, Birazil da Chile suka amince da shi a 2021, Tarayyar Turai a 2022. Yana rage metan da kusan kashi 30 a shanun madara. Kowa kuma ya ji labarin jar ciyawar teku, Asparagopsis, da masu bincike na hukumar kimiyya ta CSIRO a Ostireliya suka yi aiki a kanta, wadda a wasu gwaje-gwajen shanun turke ta rage fiye da kashi 80. Duk gaskiya ne. Sai dai 3-NOP cikin 'yan sa'o'i yake narkewa a tumbi, don haka sai yana cikin kowace loma yake aiki sosai. Saniyar da aka kora daji da hantsi, ba za a sake ganinta ba sai yamma, wa zai bi ta da cokali? Ita ma ciyawar tekun, sinadarin da ke yin aikin a cikinta yana bin iska idan ba a adana ta da kyau ba, ga tsada.

Gyaran shi ne ka mayar da tambayarka kan yadda maganin zai isa tumbin dabbar da ba ta zaune wuri ɗaya. Ana aiki a kan dunƙulen da ake zura wa saniya ya riƙa sakin magani a hankali, da sanyawa a ruwan sha, da dutsen lasa. Makiyayinmu ya riga ya saba ba shanu kanwa, wannan ƙofa ce a buɗe ga mai son gwada hanyar lasa. Akwai kuma tsirran da ake sa ran su rage metan, waɗanda saniya za ta ci da bakinta a fili: a jihar Kwinslan ta Ostireliya an daɗe ana kiwo a kan shukar leucaena, mu kuma ga bagaruwa da 'ya'yan gawo. Cibiyar binciken noma ta AgResearch a Niyu Zilan ta nuna a kan tumaki cewa ana gadon ƙarancin metan, za a iya zaɓen iri a kansa. Allurar rigakafi ana ta nema, ba ta shigo kasuwa ba. Amma a yi hattara da tsirrai masu bauri irin bagaruwa. Idan sun yi yawa saniya takan rage ci, narkewar abinci ta ragu, metan ta sauka, dakta ya yi ta murna bai lura dabbar ramewa take yi ba.

Nan ne batun ma'auni ya shigo. Mutum zai rubuta "metan ta ragu da kashi 20" ya yi shiru. A kan me? Giram nawa a rana, ko giram nawa a kan kilo ɗaya na busasshen abincin da aka ci, ko giram nawa a kan litar madara ko kilon nama? Ukun nan sukan saɓa wa juna. Wani ƙaninmu ya taɓa zama da wani dillali a kasuwar Kara yana yi masa bayanin ganyen da yake gwadawa.

"Alhaji, wannan idan suka ci, iskar da suke fitarwa za ta ragu."

Dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce, "To madalla, Dakta. Nama fa, zai ƙaru?"

Tambayar da kwamitin tantancewa zai yi maka ke nan, sai dai su da Turanci za su yi ta. Bunajin da ya yi ƙiba da damina ya zubar da ita da rani, ya daɗe bai isa yanka ba, duk shekarun nan gyatsa yake yi. Ka ba shi harawa da angurya a bazara, metan ɗinsa ta rana ɗaya tana iya ƙaruwa don ya ci ya ƙoshi, amma ta kan kilon nama ta faɗi ƙasa. Binciken cibiyar Mazingira ta ILRI, wato cibiyar binciken dabbobin kiwo ta ƙasa da ƙasa, a Nairobi ya nuna saniyar da ke cikin yunwa takan fitar da metan mai yawa a kan kowane kilo na ɗan abin da ta samu. A ganina, ga shanunmu, nan ribar take, kuma duk takardar da ta tsallake rani ba ta san kiwon Arewa ba. A kawo duka ma'aunan uku. Na tsakiyan, wato na kilon busasshen abincin da aka ci, shi ne mai wuya, domin a fili ba ka ganin abin da saniya ta ci, sai dai ka ba ta alama kamar sinadarin titaniyam ka bi ta a kashinta. Wanda ya iya wannan kaɗai ya wuce masu nema da yawa.

Sai kuskuren da ya fi kama mu 'yan Legas: dogaro da gwajin kwalba. Dalilin a fili yake. Tun 2021 jihar ta haramta kiwon sake, ba ka da garken da za ka bi, amma ga mayankar Oko-Oba a Agege, kullum ana fede shanu. Sai mutum ya je da asuba, mahauci ya tsaga masa tumbi, ya tace ruwan da ƙyalle ya zuba a filas, ya kai ɗakin gwaji ya haɗa da miligiram 200 na ganye a sirinjin gilashi, ya ajiye sa'a 24. Aikin na da amfani wajen tace tsirrai, amma ga inda yake lalacewa. Ruwan tumbi sai a zafin jikin saniya, digiri 39, kuma iskar oksijin na kashe ƙwayoyin da ke haɗa metan. Filas ɗin da ba a ɗumama da ruwan zafi ba, ba a cika shi maƙil ba, ya kuma yi awa biyu a cunkoson hanyar Ikeja, abin da ke ciki ya riga ya canza. Saniyar ma ba ka san me ta ci ba, wataƙila kwana biyu ta yi a tirela daga Potiskum ko Maigatari ba ci ba sha. A tambayi dillali yaushe aka sauke ta da abin da ake ba ta, a haɗa ruwan dabbobi da yawa, a maimaita gwajin a ranaku dabam-dabam, a rubuta minti nawa aka yi daga yanka zuwa sirinji. Dabarar zuba soda ta shanye iskar kabon a kira ragowar metan kuwa, manyan mujallu ba sa sakin jiki da ita, sun fi son a auna iskar da na'urar kiromatogirafi. Ko da komai ya tafi daidai, kada ka rubuta cewa ganyenka yana rage metan a shanu. A sirinji ya rage.

Saboda haka dole a nemi hanyar taɓa dabba mai rai. Hanyoyin awon da ake tambaya a kansu ba su da yawa. Akwai ɗakin numfashi, inda ake rufe saniya a auna iskar da ke shiga da fita, shi ya fi daidai amma ba kiwo a cikinsa. Akwai dabarar SF6, wata iska da ake amfani da ita a matsayin alama: a zura ƙaramin bututu mai sakin ta a tumbi, a sa wa saniya ragama mai siririn tiyo a saman hanci da gwangwani a wuya, a riƙa canza shi kullum na kwanaki. Akwai GreenFeed na kamfanin C-Lock, akwatin da ke yaudarar saniya da ɗan abinci ta zura kai na 'yan mintuna, yana gane ta da lambar kunne. Wasu shanun ba sa kusantarsa sam, kuma wanda ya taɓa ganin yadda saniyar Rahaji ke ƙyamar baƙon abu ya san sai an yi haƙurin horarwa. Ko wata uku ka yi a inda ake wannan aiki ya fi takarda biyar ta gwajin kwalba daraja. A tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a Shika ta Zariya, da ofishin ILRI da ke harabar cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, da jami'ar noma ta Abeokuta, a ji wane aikin fili suke yi. Masu digiri na uku da ba su gama ba su duba shirin CLIFF-GRADS, wanda ke tura ɗalibai ƙasashen waje na 'yan watanni. A kuma koyi manhajar ƙididdiga ta R da lissafin awon da ake maimaitawa a kan dabba ɗaya, don ba a ɗaukar fosdok a koya masa wannan.

Wajen cika takarda, jinkiri ya fi komai cin mutane. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus, ɓangaren fosdok, na waɗanda ba su wuce shekara 4 da kammala digirin ba ne. Na Marie Curie a Turai iyakarsa shekara 8 ta aikin bincike, kuma yawanci a watan Satumba ake rufewa. Dukansu sai ka samo mai masauki, wato farfesan da zai karɓe ka ya tsaya maka. Wasiƙa ɗaya da aka tura wa farfesoshi hamsin ana canza suna kawai ba ta samo shi. Ka karanta aikin mutum, ka faɗi abin da ka ga bai taɓa ba, ka ce ga abin da ke hannunka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a ba ka gurbi, ɗan damfara ne.

Abin mamaki, 'ya'yan makiyaya da na 'yan kasuwar shanu sukan ɓoye asalinsu a takarda, suna ganin ba ilimi ba ne. Ƙasashen Afirka da yawa har yanzu da alƙaluman Mataki na 1, wato ƙiyasi na bai ɗaya, na kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, suke lissafin metan ɗin shanunsu, kuma hawa Mataki na 2 na buƙatar sanin nauyin dabba, abin da take ci a kowane yanayi, da madarar da take bayarwa. Najeriya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, ita ma za ta buƙaci waɗannan alƙaluma. Mai jin Hausa da Fulatanci, wanda Arɗo zai yarda ya bar shi ya auna ƙirjin shanunsa da tef wata bayan wata, yana da abin da ɗakin gwajin Turai ba shi da shi. A rubuta shi a sakin layi na farko na wasiƙar.

Idan an samu gurbin, kafin a sa hannu a tambayi abu uku a rubuce: shekara nawa ne kwantiragin, wa ke da bayanan da za a tara, kuma sunan wa zai zo farko a takardun da za su fito. Gwajin kiwo na cin damina ɗaya ko biyu kafin a samu abin bugawa, don haka kwantiragin wata 12 yana iya ƙarewa samfuran iskar suna jiran layi a ɗakin gwaji.