Yadda za ka gane ko aikinka ya ƙaru amma albashi na nan inda yake

Wanga abu ba a Sakkwato kaɗai yake ba fa. A Amurka, daga bayan yaƙin duniya na biyu har farkon shekarun 1970, abin da ma'aikaci ke samarwa a awa guda da abin da ake biyan shi tare suke hawa, daga nan suka raba hanya. Cibiyar EPI, mai binciken tattalin arziki a Amurka, ta lissafa cewa daga 1979 zuwa 2020 samarwa ta ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari, albashin ƙaramin ma'aikaci ko kashi 20 bai kai ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi rauni, riba ta gangara wurin masu jari da manyan manajoji.

To kai da ke aiki ƙarƙashin wani, ya za ka auna naka?

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da hannunka ya fitar kullum, ko da na wata guda ne. A ce kai tela ne a shagon maigida, da can da keken ƙafa kaftani biyu kake haɗawa a wuni, yanzu an kawo keken lantarki kana yin huɗu, rubuta. Har nawa kwastoma ke biya kan kowane ɗinki, shi ma rubuta.

Sannan kada ka kalli albashinka a naira, naira za ta ruɗe ka wallahi. Mafi ƙarancin albashi dubu 18 ne a 2011, ya koma dubu 30 a 2019, ya koma dubu 70 a 2024, a takarda kamar an ci gaba, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kaya suka yi, ƙarshen 2024 hauhawar farashi ya haura kashi 34 a lissafin NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Don haka ka juya kuɗin zuwa abin da ake ci: tiya nawa ta gero albashinka ke saye shekara uku baya, yanzu nawa? Ɗan kabu-kabu nawa yake kai ka shago da, yanzu nawa? In kaftani ya ninka amma tiya ta ragu, to ka ga giɓin da idonka.

Amma a yi adalci. Keken ba kai ka saya ba, man janareta ya tashi, haya ta tashi, zare ma haka. Cire waɗanga kafin ka ce an cuce ka, don wani lokaci shi ma maigidan ciwon kai yake ciki.

Abin da ya rage shi za ka kai mishi. Kada ka tare shi gaban kwastoma ko ana tsakiyar ɗinkin Sallah rai a ɓace, bari bayan Sallah ciniki ya shigo, bayan la'asar shago ya yi shiru, ka gaishe shi ka ce Alhaji ga abin da nike fitarwa da, ga na yanzu, a duba mani. In ku uku ne ku je tare, ya fi nauyi. Ni dai a ganina gara ka nemi kaso kan kowane ɗinki da ƙarin dubu biyar a wata, don kaso na bin farashi, dubu biyar ɗin kuwa kasuwa za ta cinye ta kafin damina. Kuma kada ka je da barazanar doka, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.