Yadda Ake Zanen Fuska Mai Raha da Fenti a Gidan da Hidima Ba Ta Ƙarewa

Zanen fuska mai raha shi ne wanda duk wanda ya shigo zai kalla ya ce "ai wannan wance ce," sannan ya yi murmushi saboda wani abu guda da mai zanen ya ƙara, wanda ba ya faruwa a zahiri. Misalin da za mu bi shi ne yarinya 'yar shekara 7 da ta ci kwalliyar Sallah, an ɗaura mata ɗankwali ya yi tsawo har kurciya ta samu wurin yin sheƙa a samansa. Kamannin sai sun fito daidai tukuna, rahar kuma a wuri ɗaya ake ajiye ta. Idan aka ƙara girman ido, aka ja hanci, aka kuma ɗora kurciya, an tashi daga raha an koma zanen barkwanci, yarinyar ma ba za ta so shi ba. Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbata iyayenta sun yarda, kuma ka san ra'ayin gidan game da rataye hoton mai rai, domin akwai gidajen da ba a yi.

Kayan aiki

A gidan da ke da yara, fentin akirilik ya fi dacewa. Da ruwa ake sirka shi, ba shi da wari mai hawa kai, kuma shafi marar kauri yana bushewa cikin minti 10 zuwa 20. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ga shi sai da tafentain, ruwan sirka shi mai wari, wanda bai kamata a shaƙa a ɗakin da jariri ke kwana ba. Launi shida sun isa. A jikin bututun za ka ga an rubuta Titanium White, shi ne fari. Yellow Ochre, rawaya mai ruwan ƙasa. Burnt Sienna, wanda za mu riƙa kira jar ƙasa. Burnt Umber, ruwan makuba. Ultramarine, shuɗi mai duhu. Sai ja guda ɗaya. Wajen sayen ja, ka duba wanda aka rubuta Hue a ƙarshen sunansa, wato kwaikwayon launin ne, domin jan kadmiyam na asali yana da guba, kuma ba abin da yaro mai rarrafe ba ya kaiwa baki. Ka sayi farin a babban bututu, shi ne ke fara ƙarewa. Baƙi kuwa ka bar shi a kanti.

Burushi uku masu gashin roba sun wadatar: mai faɗin santimita 2 ko 3 don shafe fili, mai faɗin kusan santimita 1 don fata, da siriri mai tsini don ido da baki. Sai kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanki ɗaya na sirki, tsumma, fensir, rula, da 'yar kwalbar fesa ruwa. Abin da za a yi zanen a kai, ko dai kambas, wato ƙyalle mai kauri, da aka riga aka ɗame a firam, ko allon MDF, wato na garin katako da aka matse, da kafinta zai yanka maka santimita 30 da 40. Allon ya fi arha, kuma ya fi jure gwiwar yaro. Sai dai yana shan fenti, don haka a shafa masa jeso, wato farin shafin da ake yi kafin fenti, sau uku, a bar kowane shafi ya yi awa ɗaya, a goge da samfefa mai laushi a tsakani. A shafa wa bayan ma sau ɗaya, in ba haka ba allon zai lanƙwashe.

Abu guda da ya fi komai ceton mai zane a gida shi ne farantin haɗa launi mai danshi, kuma da hannu ake haɗa shi. Ka samu robar abinci mai faɗi mai murfi, ka shimfiɗa soso marar kauri ko tishu ninki huɗu, ka jiƙa shi sosai ka tsiyaye ruwan da ya yi saura, ka rufa takardar gashin kek a kai. A kan takardar ake matse fenti. Danshin yana ratsowa kaɗan-kaɗan, sai fentin ya wuni bai ƙafe ba, idan an rufe ma ya kwana biyu ko uku. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin da aka yi sallama ko tukunya ta tafasa: ka rufe murfi, ka tsoma burushi a ruwa, ka tashi. Da damina a riƙa canza soson duk bayan kwana uku, yana yin fumfuna.

Hoto da awo

Yaro ba zai zauna maka ba, don haka da hoto ake aiki. A ɗauke ta a bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, haske yana zuwa daga gefe ɗaya, ta yadda rabin fuskar ya fi ɗayan haske. Kada a kunna filasha, kuma kada a kusanto da waya dab da fuskarta, yana kumbura hanci. A ja baya kamar mita 2. A sa ta ɗaga ido sama kaɗan kamar tana jin motsi a kanta, baki a rufe da guntun murmushi. Wannan kallon shi zai haɗa fuskar da kurciyar, in babu shi kurciyar za ta zama kamar an manna ta. Rufe bakin kuma ya raba ka da wahalar haƙora.

A wanke hoton a girman santimita 15 da 20, a tabbata an bar fili mai yawa a saman kai. A ja layuka duk bayan santimita 2.5, za a samu gida 6 a kwance, 8 a tsaye. A kan allon a ja duk bayan santimita 5, gidajen za su zo daidai. Sai a kwafe gida-gida da fensir, ba tare da dannawa ba. Wannan ba ha'inci ba ne, tsohuwar dabara ce ta masu zanen bango.

A nan ne yawanci ake tsofar da yaro ba a sani ba. A kan babban mutum, idanu suna tsakiyar kai daidai, tsakanin ƙoƙon kai da haɓa. A kan yaro suna ƙasa da tsakiya, goshi ya fi faɗi, haɓa ƙarama, kumatu cike. Hannu kuwa ya saba kai ido sama, to sai ka auna da rula maimakon ka yarda da shi. Tsakanin ido da ido, faɗin ido ɗaya ne. Idan tana da tsaga ko tawadar Allah, a sa alamar wurin tun yanzu. Ɗankwali da sheƙa da kurciya a ba su jeri uku na gidajen sama, a zana su a takarda daban sau biyu ko uku kafin a kai su kan allo.

Raba aikin

Ka ƙaddara zama takwas zuwa goma, kowanne minti 30 zuwa 45. Lokacin da ya fi kyau shi ne hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko bayan la'asar idan suna Islamiyya. Dare ya dace da ja layi, share allo da wanke kaya, amma kada a haɗa launin fata a hasken kwan lantarki ko fitilar caji. Abin da ka ga ya yi daidai da dare, da safe za ka iske shi ya yi kore ko ya yi jajir. Kowane zama a ba shi aiki guda da za a iya kammalawa, misali kunci da goshi yau, ido gobe. Kafin ka tashi, ka rubuta a 'yar takarda abin da ka haɗa da inda ka tsaya, ka ɗiga launin a gefenta. Bayan kwana huɗu na biki ko jinya, wannan takardar ce za ta mayar da kai kan hanya.

Zaman farko na fenti, a sirka jar ƙasa da ruwa ta yi kamar shayi, a shafe allon gaba ɗaya, layin fensir yana lekowa. Farin allo yana ruɗin ido, kowane launi sai ya zama kamar ya yi duhu. Bayan ya bushe, a ɗauki ruwan makuba a sa dukkan inuwa: ƙarƙashin haɓa, gefen hanci, ramin ido, ɓangaren fuskar da ba ya samun haske. Ka ja baya taku uku. Idan ba a gane ta a wannan matakin ba, launi ba zai gyara ba, a koma kan awo.

Launin fata

A haɗa tuli uku tun kafin a taɓa allo, kowanne kamar cokalin shayi, domin idan ya ƙare a tsakiyar kunci da wuya a sake samun irinsa. Na tsakiya: jar ƙasa kashi uku, ruwan makuba kashi ɗaya, rawaya kashi ɗaya. Idan wankan tarwaɗa ce a ƙara rawaya, idan baƙa ce a ƙara makuba. Na inuwa: makuba kashi biyu, shuɗi kashi ɗaya, da ɗigon ja don kada ya mutu. Na haske: a ɗebi na tsakiya a ƙara rawaya, sannan fari kaɗan.

Fari shi ne babban mai ɓata baƙar fata. Da an yawaita shi sai fuskar ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba da hunturu. Idan kana son haske, fara da rawaya, fari ya zo a ƙarshe. Dubi fuskar yaro a inuwar tsakar gida da kyau: a kan goshi, doron hanci da saman kunci akwai sheƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, hasken sama ne fatar ke mayarwa. Wannan ana yin sa da fari, ɗigon shuɗi da ɗan launin tsakiya, a ɗora shi a wurare uku ko huɗu kawai. A ƙasan haɓa kuma launin rigarta yana haskawa, idan atamfar ja ce a sa ɗan ja a wurin. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa fata ta yi rai.

Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, saboda haka a haɗa shi ya ɗan fi abin da ake so haske, a gwada a gefen takarda, a jira minti biyar. Wajen haɗe haske da inuwa, a sa su gefe da gefe suna ɗanye, a bi tsakaninsu da burushi mai tsabta mai ɗan danshi, sau biyu ko uku a tsaya. Idan fentin ya fara kama burushi, ya shiga bushewa ke nan, ci gaba da shafa zai ɗago shi ya bar tabo. A bar shi ya bushe sarai a sake wani shafi. Da hunturu wannan yana faruwa cikin minti biyu ko uku, sai a kashe fanka, a riƙa fesa ruwa sama-sama, a yi aiki a fili kaɗan-kaɗan. Launi yana komawa kamar laka idan an cuɗa fiye da uku ko huɗu, ko ruwan wanki ya yi datti. Idan kuma ruwa ya rinjayi fenti a shafin sama, ba ya kama allo sosai.

Farin ido ba fari ba ne. A haɗa fari da ɗigon makuba da shuɗi, a sa inuwar fatar ido a samansa. Ɗigon haske ɗaya a kowane ido, duka a ɓangaren da haske ke fitowa. Kada a zagaye leɓe da layi, layin tsakiyar baki kawai ake duhuntawa, musamman kusurwoyinsa, a nan murmushin yake. Layin da ke saukowa daga hanci zuwa gefen baki kuwa a yi shi da laushi ƙwarai ko a bar shi, shi kaɗai yana iya ƙara wa yarinya shekara ashirin.

Kurciyar ba ta da wuya: toka-toka daga fari, shuɗi da makuba, ƙirji da ɗan ja-ja. Sharaɗin shi ne haskenta ya fito daga inda na fuskar ya fito, kuma ta jefa inuwa a kan ɗankwalin, ɗankwalin ya ɗan lotsa a ƙarƙashin nauyinta. Zanen atamfa a taƙaita shi, fure biyu ko uku da ke bin ninkin ƙyallen sun isa. Baya a bar shi launi ɗaya marar hayaniya, ko a sa dagi a kusurwa da launin da ya ɗan fi bangon duhu.

'Yan gida za su yi magana, kuma maganarsu tana da amfani. Idan uwar ta ce "bakin nan ba nata ba ne," to akwai matsala a kusa da wurin, ko da yake sau da yawa ba bakin ba ne, tazarar hanci da leɓe ce ko faɗin haɓa. Ka auna kafin ka goge. Ka kuma duba zanen a madubi, karkacewar da ido ya saba da ita nan take take bayyana. Ɗaukar sa da waya a mayar da hoton baƙi da fari yana nuna ko inuwa ta yi ƙarfi ko ta yi rauni.

Tsakanin zama da zama, a jingine allon a saman kabad, fuskarsa na kallon bango, amma sai ya bushe. Kayan a akwati mai makulli. Idan ƙaramin yaron gidan ya dage sai ya yi, a ba shi kwali da nasa burushin ya zauna gefe, ya fi a yi ta kora. In yatsa ya shiga ɗanyen fenti, a goge da tsumma mai danshi nan take, in ya bushe a shafe da wani fentin. Wanda ya zuba a tufa a wanke da sabulu kafin ya ƙafe, bayan nan sai sifirit, shi ma ba kullum yake fitar da shi ba. Burushi a wanke da sabulu har gindin gashin a ƙarshen kowane zama, a kwantar da shi ya bushe. Barin sa tsaye a kofi yana lanƙwasa bakin.

Idan an gama, a jira mako guda kafin a shafa banish na akirilik, wato shafi garai-garai da ke kare fentin. A zaɓi safiyar da ba iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kwantar da allon, a yi shafi biyu marasa kauri, na farko a kwance, na biyu a tsaye bayan awa uku ko huɗu. A kifa babban kwali a kai har ya bushe. A rubuta sunanta da shekarunta da kwanan wata a bayan allon da fensir. Wajen ratayewa a nisanci hayaƙin kicin, rana mai dukan bango, da bangon da ke jiƙa da damina, domin MDF yana kumbura idan ya sha ruwa, gara kuma tana bin danshi.